Wace kalma za mu ba sparse file? Ni dai kango nake gani

Salamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Akwai yara shida da nake koya wa Python da yamma a nan Garwa. Da Hausa muke yi, mu tsoma Faransanci inda ta kama. Makon jiya wata kalma ta tsaya mini a wuya, wato sparse file, fayil mai nuna girma da yawa alhali wurin da ya ci a faifai kaɗan ne, shi ne na kawo ta nan mu sa mata suna.

Ga asalin zancen. Wani maƙwabcina mai ɗaukar bidiyon biki ya taɓa roƙona 'yar manhaja da za ta riƙa nuna masa girman fayilolinsa kafin ya zuba wa mutane a kile, wato filashin USB. Na rubuta masa da yaren C, na ajiye girman a int, wato ma'ajiyar lamba a C, ban sake waiwayarta ba. Wata da watanni lafiya lau. Ran nan ya kira ni, wai bidiyon walima ya nuna girma ƙasa da sifili, ko aljanu ne suka shiga kwamfutar? Laifina ne. Int ɗin nan bit 32 gare ta (bit gurbi ne na 0 ko 1), ɗaya ya tafi wajen alamar ƙari ko ragi, saura 31, iyakarsu bayit 2,147,483,647. Ka zuba mata 2,500,000,000, sai ta juye ta ba ka -1,794,967,296. Tsohon ciwo ne wannan, tun 1996 kamfanonin Unix suka daidaita a kan maganinsa bayan zaman da ake kira Large File Summit, kuma har yau mai rubuta C a kan Linux mai bit 32 yana sa _FILE_OFFSET_BITS=64 don ya tsira. Kada a haɗa shi da na kilen da ke ƙin fayil mai giga 4, wancan iyakar FAT32 ce, tsarin ajiye fayil a irin wannan kile, bayit 4,294,967,295.

Na ba yaran labarin don su san manhaja ba ta gama gwaji ba sai ta ga babban fayil. Ɗaya ya ce, Malam, kwamfutata ko giga ɗaya ba ta da shi a sarari, ina zan sa fayil mai giga biyu da rabi? Sai na buɗe musu test_largefile, gwajin da masu Python ɗin kansu suke yi. Dabarar ba ta da yawa: a buɗe fayil, a rubuta harafin z a farko, a yi tsalle da umarnin seek zuwa bayit na 2,500,000,000, a rubuta harafin a, a rufe. Muka yi haka a Linux. Umarnin ls -l, mai nuna girman fayil, ya ce bayit 2,500,000,001. Umarnin du, mai nuna wurin da fayil ya ci a faifai, ya ce 8K, wato tubali biyu masu bayit 4096, ɗaya na z, ɗaya na a. Abin da ke tsakani ba a rubuta shi a faifai ba, amma in ka karanta wurin sai sifili ya yi ta fitowa. Yaron ya daɗe yana duban allon, sannan ya ce, to Malam, wannan mene ne sunansa da Hausa? Na ce Ingilishi na cewa sparse file, Faransanci na cewa fichier creux, tamu kuma sai na tambayo.

Da na tambaya, amsar farko daga Marwa ta zo. Wani ɗan'uwa ya ce: "Malam, ai holoƙo ne, hadarin kaka. Ya haɗo baƙi ƙirin, babu ɗigo." Na yi dariya sosai, kuma na so in karɓa. Sai dai holoƙo zargi ne, ana faɗa wa mai cika baki. Wannan fayil kuwa bai yi wa kowa ƙarya ba: duk bayit ɗin da ka nema zai ba ka. Fanko ma an kawo, na ajiye shi saboda fanko babu komai a ciki, namu kuwa akwai z da a.

An kuma kawo tsilla-tsilla, amma ita fassarar kalmar Ingilishin ce kai tsaye. Ba ta ce komai game da faifai ba.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce "fayil mai giɓi", wadda wata 'yar'uwa ta aiko daga Injamena. Hujjarta mai ƙarfi ce: Linux ma ramuka yake kiran wuraren nan, har akwai SEEK_HOLE da SEEK_DATA na neman inda rami yake da inda bayani yake, kuma muna da "cike giɓi" a baki tuntuni. Yaya, na yarda da rabin zancenki. Amma na gwada ta a kan maƙwabcin nan nawa, na ce masa fayilinka yana da giɓi. Nan take fuskarsa ta canza, ya ce wane sashe na bikin ne ya ɓace? Giɓi wurin haƙorin da ya faɗi ne, duk wanda ya ji zai ɗauka fayil ya lalace.

Kango ya zo mini ne a kan babur, a bayan gari. Mutum ya sayi fili, ya zagaye shi da katanga, ya gina ɗaki ɗaya a kusurwa ya sa mai gadi, sauran sai ya sami hali. A takarda gida ne babba, simintin da ya ci kuwa na ɗaki ɗaya ne. Girman takarda shi ne ls -l, simintin shi ne du. Kuma ana iya zuwa daga baya a ƙara ɗaki a tsakiya ba tare da an taɓa katanga ba, yadda za ka koma ka rubuta a tsakiyar fayil, faifai ya ba ka sabon tubali a wurin kaɗai.

Wani dattijo daga Kuseri ya ja hankalina cewa a wurinsu kango gidan da aka tashi aka bari ne, rufi ya zube. Gaskiya ne Baba, tana da wannan ma'anar. Amma yau in aka ce wane yana da kango a bayan gari, yawancinmu ginin da ba a ƙarasa ba muke ji.

Saboda haka a ajina zan ce kangon fayil, wurin da ba a rubuta ba in ce fili, wurin da aka rubuta in ce gini. Ga ta a jimla: FAT32 bai san kango ba, in ka kwafe kangon fayil zuwa irin wannan kile sai ya gine filin duka da sifili, ya cinye maka giga biyu da rabi na gaske. Ko a Windows da macOS ma, gwajin Python ɗin ba ya gudana sai ka ba shi izini da -u largefile, don a can yana iya cin wuri da lokaci. Yaran Ngaundare da ke karanta kwamfuta a jami'a, ku gwada ta a kan abokanku ku faɗa mini ko sun gane ba tare da ƙarin bayani ba.