Muhawara: Shin Baburan Ƙofar Gida Sun Isa a Kafa Wasan Tirayal a Kaduna?

Injiniya, Malali:
Assalamu alaikum. Maganar da muka faro a wurin ɗaurin aure ranar Asabar ba ta ƙare ba, shi ya sa na kawo ta nan domin kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ga waɗanda ba sa wurin, akwai wani wasan babur da ake kira tirayal, wanda ba tsere ba ne, ba a kuma tambayar wanda ya riga isa. Ana shata ɗan wuri mai duwatsu ko gangare ko gungumen itace, mahayi ya ratsa ta ciki yana tsaye a kan matakan ƙafa, alƙali yana lura da shi. Idan ya dire ƙafa sau ɗaya a rubuta masa 1, sau biyu 2, sau uku ko fiye 3, idan kuwa ya faɗi ko ya fita daga shatar, to 5 ce. Wanda ya tashi da mafi ƙarancin lamba shi ne gwani. Abin da nake iƙirari shi ne za mu iya kafa wannan wasa a Kaduna da Boxer da Jincheng ɗin da ke ƙofar gidajenmu, ba sai mun jira ranar da za mu iya shigo da baburan Turai ba, kuma yaran da ke ɗaga tayar gaba a titi ranar biki su ne ya kamata mu fara nema.

Baban Sadiq, bakanike a Panteka:
Wa alaikumus salam. Injiniya, da girmanka, rabin maganarka na karɓa, ɗaya rabin kuwa ban yarda ba, domin na kalli hotunan da ka nuna mana da idon mai kwance inji. Babur ɗin da suke hawa nauyinsa bai wuce kilo 70 da 'yan kai ba, ba shi da wurin zama, tankinsa bai fi cin lita 2 zuwa 3 ba, cikinsa kuma a ɗage yake nesa da ƙasa. Boxer ya haura kilo 100, an ƙera shi ne domin ya ɗauki mutum biyu da buhun masara, cikinsa kuma a kusa da ƙasa yake, dutsen farko da ka hau shi zai fasa maka gindin inji. Sannan akwai maganar taya. Su tayar bayansu mai laushi ce ƙwarai, iskar da suke sa mata ba ta wuce awo 4 ko 5 ba domin ta kwanta a jikin dutse ta kama shi, alhali tamu sai mai faci ya kai ta wajen 30. Idan ka sace wa tayar Boxer iska haka, tub ɗin zai tsinke a kan bakin wili tun ba ka je ko'ina ba. Ba na son mu tara yara mu ce musu ga wasa, su koma gida da fasasshen inji da karyayyen ƙauri.

Injiniya, Malali:
Baban Sadiq, duk abin da ka faɗa game da ƙirar babur gaskiya ne, sai dai ka fara ba da labarin daga ƙarshensa. Gasar tirayal ta kwana shida ta Sikotilan, wadda ake yi har gobe, ta samo asali ne tun 1909, kuma baburan da aka shiga da su a lokacin na hawa ne na yau da kullum, masu nauyi, domin manufar farko ita ce a ga wane babur ne zai jure mugun hanya. An shafe shekara fiye da hamsin kafin wani gwanin mahayi mai suna Sammy Miller ya haɗa kai da kamfanin Bultaco na Sifen a tsakiyar shekarun 1960 su fito da ƙaramin babur mara nauyi da ya sauya wasan, gasar duniya kuwa sai a 1975 aka fara ta. Wato jama'a ce ta fara taruwa, sannan babur ya biyo baya. Har yanzu a Biritaniya akwai rukunin da ake warewa ga baburan da aka ƙera kafin 1965, a shata musu wuri daidai ƙarfinsu. Ni ban ce yaro ya hau dutse mai tsayin mutum da Boxer ba. Na ce a shata masa gangaren da bai wuce gwiwa ba, da kwana mai matsi tsakanin tayoyi biyu, a ga ko zai fita ba tare da ya taka ƙasa ba.

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:
Ni ba babur na sani ba, abin da babur yake bari a baya na sani, domin shekaruna da yawa ina aikin jinya a ɗakin da ake kawo masu karaya. Ranakun Asabar da Lahadi, musamman lokacin da bukukuwa suka yi yawa, mun san irin yaran da za a shigo da su, kuma mun san yadda iyayensu mata suke tsayawa a bakin ƙofa. Injiniya, tambayata ita ce, me ya tabbatar maka cewa yaron da ka koya wa sarrafa kuloci da totur har ya iya ɗaga tayar gaba a duk lokacin da ya ga dama, zai bar wannan gwaninta a filinku? Ni a ganina ranar Juma'a zai koya a wurinka, ranar Asabar ya gwada a gaban motar amarya. Kuna cewa wasan ba na gudu ba ne, na yarda, amma hannun da aka horar ba ya tambayar inda aka horar da shi.

Alhaji na Kabala:
Hajiya ta yi magana mai nauyi, kada a yi saurin wuce ta. Ni dai mutumin doki ne tun ƙuruciya, kuma abin da ya ja hankalina a bayanin Injiniya shi ne ya yi kama da abin da muke girmamawa a wurin mahayi. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Zazzau ya san cewa sakin linzami ba shi ne gwaninta ba, kowane yaro zai iya sukuwa. Gwani shi ne wanda zai taho a guje ya tsayar da doki cak a inda ya nufa, ya yi jinjina, dokin bai zarce ba. A saninmu, yaron da ya iya riƙe linzami ya fi wanda bai iya ba natsuwa a cikin taro, domin ba shi da abin da yake ƙoƙarin tabbatar wa kowa. Wannan ita ce amsar da zan ba Hajiya, ko da yake ban ce ta isa ba.

Damuwata dabam ce, kuma na yi mamaki da ba wanda ya ambace ta. A jihar nan babur ba abin hawa ba ne kawai. An hana acaba a cikin gari a 2014, sannan a ƙarshen Satumban 2021 gwamnati ta hana hawa babur gaba ɗaya na wata uku saboda matsalar tsaro, har wanda ya mallaki nasa na zuwa aiki. Yanzu ku ɗauki matasa ashirin a kan babura ku nufi bayan gari kuna neman duwatsu, ku gaya mini abin da mutanen ƙauyen farko za su zata, da abin da jami'in da ke shingen bincike zai zata. Duwatsun Kajuru suna da kyau a hoto, Kufena ma haka, amma ni ba zan sa hannu a kai ɗan kowa can ba. Idan za a yi, a yi a cikin gari, a fili mai katanga, da sanin mai unguwa da hakimi da 'yan sanda, a rubuce.

Ɗan Auta, Rigasa:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki, domin ni ne irin yaron da ake magana a kansa, kuma na daina wasan titi ne bayan abokina ya rasa ƙafarsa. Ana ta muhawara a kan babur da fili, amma ba a tambayi abin da yake kai mu titi ba. Ba son gudu ba ne kaɗai. Ihun mutane ne, da waya da ake ɗagawa ana ɗauka, da yadda sunanka zai zagaya unguwa kafin magariba. Kawu Injiniya, idan ka kira abokaina ka ce su zo su yi tafiyar hawainiya tsakanin tayoyi biyu, wani dattijo yana riƙe da takarda yana ƙirga sau nawa suka taka ƙasa, wallahi sau ɗaya za su zo. Na kalli Toni Bou, gwanin tirayal na duniya, na ga yadda yake tsalle da babur daga dutse zuwa dutse kamar akuya, wannan kam zai burge su; amma kai da kanka ka ce ba za mu yi irinsa da Boxer ba. To abin da zai burge su ba za mu iya ba, abin da za mu iya kuma ba zai burge su ba.

Injiniya, Malali:
Ɗan Auta, wannan ita ce suka mafi ƙarfi da aka yi wa maganata, kuma ba zan yi kamar ban ji zafinta ba. Amma ka lura da abu guda game da mutumin da ka ambata. Toni Bou yana riƙe da kambun duniya tun 2007, na fili da na cikin zaure, kuma da keke ya fara tun yana yaro, ba da babur ba. A yankinsu na Kataloniya da ke Sifen wasan tirayal na keke ya tsiro ne daga na babur, domin yara su sami abin koyo kafin su kai hawa inji. Tsayuwa cak ba tare da dire ƙafa ba, da ɗaga tayar gaba a ɗora ta a kan dakali, da juya tayar baya, duk ana koyonsu a kan keke, kuma keke mara nauyi yana iya yin tsallen da Boxer ba zai yi ba. Saboda haka ina gyara maganata: wataƙila na yi kuskure da na ce da 'yan shekara ashirin za mu fara. Ƙannensu 'yan shekara goma zuwa sha huɗu, waɗanda yanzu suke tsaye a bakin titi suna yi musu ihu, su ne jama'ar wasan nan. Game da 'yan kallo kuwa, a tirayal mai kallo yana tsaye ne taku kaɗan daga mahayi, yana ganin rawar da ƙafarsa take yi tana neman ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar dambe ko langa ya san cewa mutanenmu ba sa buƙatar gudu kafin su yi sowa.

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:
Maganar keke ta fi kwanta mini, ba zan ɓoye ba. Sai dai ina so a rubuta tun yanzu cewa ba yaron da zai shiga sai da izinin mahaifinsa ko mahaifiyarsa, da hular kwano ta gaske mai maɗauri, da takalmi mai rufe idon sawu, domin silifas ɗin da suke hawa da shi ne yake sa mu ɗinke yatsu. Kuma duk wanda aka gani yana wasa a titi a dakatar da shi, ko da shi ne gwaninku. A kan babur kuwa ina nan a kan bakata, Alhaji. Doki yana da hankalin da zai ƙi faɗawa rami, inji ba shi da shi.

Baban Sadiq, bakanike a Panteka:
Tunda an sauko daga kan dutse an dawo gangaren gwiwa, to ni ma zan sauko kaɗan. Akwai abin da za a iya yi wa ƙaramin babur a nan Panteka ba tare da an sayo komai daga waje ba. A cire kariyar ɗaukar kaya da fitilu da madubai da duk ƙarfen da ba ya aiki, a rage kujera, a sa wa tayar baya babban faranti na sarƙa domin giya ta ɗaya ta yi tafiya a hankali da ƙarfi, a mayar da matakan ƙafa baya kaɗan, a ƙera faranti mai kauri a rufe gindin inji, a ɗaga salansa. Ba zai zama babur ɗin tirayal na Turai irin Montesa ko Beta ba, kada wani ya yaudari kansa, kuma birkinsa na ganga ba zai taɓa kamawa kamar nasu na faifai ba. Amma zai isa a koyi tsayuwa da kwana. Sharaɗina shi ne babur ɗin da aka yi wa wannan aiki ya zama na ƙungiya, a ajiye shi a filin, kada ya sake taka kwalta, domin ba shi da fitila ba shi da lamba, kuma ba na son a ce daga shagona ya fito ranar da aka kama wani da shi a kan hanya.

Alhaji na Kabala:
Wannan sharaɗi ya warware rabin damuwata, domin idan baburan suna kwana a filin, babu ayarin da zai ratsa gari. Ina da wani fili mai katanga da nake ɗaure dawaki a da, akwai tudun ƙasa a kusurwarsa da ragowar bulo, kuma masu faci ba za su hana mu tsofaffin tayoyi ba. Zan ba da aronsa na wata uku, da keke kaɗai a watan farko. Amma ba zan buɗe ƙofa ba sai na ga takardar da mai unguwa ya sa wa hannu, kuma maƙwabta suna da haƙƙi a kan ƙarar inji, saboda haka babu tayar da babur bayan magariba ko lokacin salla.

Ɗan Auta, Rigasa:
Baba Alhaji, zan kawo ƙannena biyu da kekunansu, ni kuma zan riƙe takardar ƙirga idan an koya mini. Abokaina dai har yanzu ban ga abin da zai kawo su ba, kuma ina ganin Kawu Injiniya ya bar wannan ɓangare na iƙirarinsa ba tare da ya kare shi ba.

Injiniya, Malali:
Na bar shi, Ɗan Auta, domin ba ni da hujjar da ta fi taka a yanzu. Zan rubuta takardar mai unguwa a daren nan in kai wa Alhaji ya duba bayan sallar asuba. Baban Sadiq, akwai tsohon Jincheng a gidanmu da ya shekara biyu a jingine, injinsa yana tashi amma kulocinsa ya mutu. Ka gaya mini ranar da zan turo maka shi, da abin da faranti da sarƙa za su ci.