Shawarwarin Maƙera da Kafintoci a Gusau Kan Raunin da Kayan Aikin Hannu Ke Jawowa

A zaman da maƙera, kafintoci da masu walda suka yi a Gusau, an fi jan magana kan guduma mai sakwarkwatacciyar ƙota. Dattawa suka ce a duba ƙotar kafin a ɗaga, domin kan guduma idan ya fice ba ya zaɓen wanda zai samu. Kurfi da bakinsa ya baje a gyara shi, kuma a sa tabarau, saboda ɓarɓashin ƙarfe ido yake nema.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuba man birki ko baƙin mai a ciwo. Kada a yi. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne jinin, a je asibiti a karɓi allurar tetanus. Yaran shago kuwa, maigida ya tsaya kansu.