Windows 11 ta ƙi buɗe faifan da ke jikin rauta

Assalamu alaikum jama'a. Faifan USB ne a jikin rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi), an raba shi ta SMB (hanyar raba fayiloli tsakanin na'urori) ba kalmar sirri. Kwamfuta mai Windows 10 na shiga lafiya lau, mai Windows 11 Pro 24H2 kuwa sai ta nuna lambar kuskure 0x80070035. Ping (gwajin ko kwamfutar na isa ga rautar) na amsawa, duk suna kan Wi-Fi ɗaya.

An kunna shigar baƙo (shiga ba kalmar sirri) a gpedit (wurin saita ƙa'idojin Windows), shiru. Zargina shi ne sa hannun SMB (matakin tsaro na tantance saƙonni) da 24H2 ke tilastawa, tunda asusun baƙo ba ya iya shi. Kashe sa hannun kuwa ban so, balle dawo da SMB1, wato tsohon nau'in SMB.

In aka buɗe asusu da kalmar sirri a rautar, zai wadatar? Kuma yaya ake gane ko SMB1 kaɗai take yi?