Mene ne asalin mashayar tiki, kuma me ya sa ake yawan gina ta a bakin teku?

Ɗalibar zanen gine-gine ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina nazari a kan yadda ake tsara wuraren cin abinci da na shaƙatawa a bakin ruwa, sai na riƙa cin karo da wani salo a Amurka da ake kira mashayar tiki: rufin jinka, bangon gora, gumakan itace da aka sassaƙa masu manyan idanu da buɗaɗɗen baki, da fitilu marasa haske sosai. Na ga hotunansu a gaɓar tekun Filorida da Kalifoniya da Hawai. Shin wannan salo al'adar mutanen tsibiran Fasifik ce da aka kawo Amurka, ko kuwa ƙirƙirarsa aka yi? Kuma tun asali a bakin teku ake gina su? Ina roƙon waɗanda suka san tarihin abin, ko suka taɓa shiga irin wurin, su yi mini ƙarin haske.

Mai bibiyar tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ƙirƙirarsa aka yi, kuma ba a tsibiran Fasifik ba. Da aka ɗage dokar hana sayar da giya a Amurka a ƙarshen 1933, wani mutum mai suna Ernest Gantt, wanda daga baya ya mayar da sunansa Donn Beach, ya buɗe wata 'yar mashaya a Hollywood da aka san ta da Don the Beachcomber. Ya ƙawata ta da tarkacen da ya tattaro a yawonsa na ƙasashe masu zafi, irin su tarun masunta da gora da tabarmi. A 1934 kuma Victor Bergeron ya buɗe tasa a Oakland da sunan Hinky Dinks, ya ga yadda salon Gantt ke jan jama'a, sai ya sauya mata fasali ya raɗa mata Trader Vic's a 1937. Shi ne ya ce ya ƙirƙiro haɗin giyar nan da ake kira Mai Tai a 1944, ko da yake ɓangaren Donn Beach ma sun yi iƙirarin nasu ne.

Idan kin duba abin da ake sayarwa a ciki za ki gane cewa haɗe-haɗe ne: abin shan giyar rake ce ta yankin Karebiyan da ake gauraya ta da lemun tsami da abarba da kayan ƙamshi, abincin kuwa yawanci girkin Sinawan Kanton ne aka sa masa sunayen tsibirai. Salon ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin da suka yi zama a Fasifik suka dawo gida, sannan tafiyar da Thor Heyerdahl, wani mai bincike ɗan ƙasar Norway, ya yi a 1947 daga Peru zuwa Folinesiya a kan wani kwale-kwalen gungume ta ƙara kwaɗaita wa mutane yankin, haka ma yadda Hawai ta zama jihar Amurka ta 50 a 1959.

Game da tambayarki ta biyu, na farkon ba a bakin teku suke ba, kuma da gangan ake toshe tagogi ko a rage su, domin wanda ya shiga ya manta cewa titi da motoci na bayan bango. Misali mafi fito da wannan shi ne Tonga Room da ke otal ɗin Fairmont a San Faransisko, wanda aka buɗe a 1945. Tsohon wurin ninƙaya na otal ɗin ne aka mayar tafki, makaɗa suna kiɗa a kan wani jirgi da ke yawo a tsakiyarsa, kuma lokaci-lokaci ana sakin ruwan sama na roba tare da ƙarar tsawa. Gwanintar masu salon ita ce su gina teku a inda babu shi.

Mazaunin Filorida ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin bai kamata a raina na bakin ruwa ba, domin su ma suna da nasu tarihin. Bali Hai da ke Shelter Island a San Diyego tana nan tun shekarun 1950, mutane na iya zuwa da jirgin ruwa su ɗaure shi a bakinta, kuma ita kanta ƙasar da aka gina ta a kai yashi ne da aka kwaso daga ƙarƙashin mashigin tekun aka tara. A Honolulu, babban birnin Hawai, akwai La Mariana Sailing Club a gefen tafkin Keehi, kusa da filin jirgin sama, wadda ta riƙa sayen kayan adon sauran mashayun tiki a lokacin da suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ta zama kamar ma'ajiyar abin da ya rage na wancan zamani.

A nan Filorida kuwa, abin da ake kira tiki a bakin ruwa galibi rumfa ce buɗaɗɗiya marar bango, kuma rufinta ya samo asali ne daga ginin gargajiyar ƙabilar Seminole, 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda ke kafa ginshiƙan itace su rufe da ganyen wani nau'in giginyar yankin. Dokar gine-gine ta jihar ma ta yi sassauci ga irin wannan rumfa idan 'yan Seminole ko 'yan ƙabilar Miccosukee ne suka gina ta, muddin ba a sa mata bango ko wayar lantarki ko bututun ruwa ba.

Ni ba na shan giya, amma aiki yakan kai ni cin abinci da abokan aiki a irin wuraren, kuma ana samun ruwan abarba da na kwakwa zalla. Abin da zai amfane ki a zane shi ne yadda haske ke aiki. Da rana wurin ba shi da wani armashi, za ki ga gishirin teku ya ci fentin gumakan, katakon ƙasa ya kode, igiyoyin da aka naɗe a ginshiƙai sun yi furfura. Da rana ta kusa faɗuwa sai komai ya sauya, a kunna ƙwallayen gilashin nan kore da shuɗi, irin waɗanda masuntan Japan ke ɗaura wa taru don kada ya nutse, tare da busassun kifin talibambam da aka sa wa ƙwan lantarki a ciki, iska tana kaɗa jinka, ruwa yana dukan ginshiƙan da ke ƙarƙashin kujeru. A ganina wanda ke da teku na gaske a gabansa bai buƙatar cika wuri da ado, kuma waɗanda suka fi kyau su ne masu barin gefen ruwa a buɗe, su tara duhu da sassaƙe a bayan kantar sayar da abin sha.

Malamar nazarin al'adu ta amsa:

'Yar'uwa, akwai abin da nake so ki riƙe tun da zane za ki yi. Waɗannan gumaka na itace, waɗanda su ne ake kira tiki, ba ado ba ne a wurin masu su. A al'adar Maori ta Niyu Zilan, Tiki shi ne mutum na farko, a Hawai kuma siffofin da ake kwaikwaya suna wakiltar abubuwan bautarsu na da, irin su Ku da Lono. Saboda haka da yawa daga mutanen tsibiran ba sa jin daɗin ganin an mayar da su kofin shan giya, musamman ganin an cakuɗa sassaƙar Hawai da ta tsibiran Markesas da kawunan dutsen tsibirin Rapa Nui tamkar al'umma ɗaya ce ta yi su. Salon ya dusashe a shekarun 1970, ya farfaɗo daga shekarun 1990, kuma a wannan karon wasu masu wuraren sun ajiye gumakan, sun tsaya ga gora da jinka da kayan jirgin ruwa.

Ban ce a rushe tsofaffin ba. Mashayar Mai-Kai da ke yankin Fort Lauderdale a Filorida, wadda 'yan'uwa biyu Bob da Jack Thornton suka buɗe a 1956, an sa ta a rajistar wuraren tarihi ta Amurka a 2014, an rufe ta a 2020 bayan rufinta ya lalace, aka gyara ta aka sake buɗewa a 2024, kuma na yi murna da hakan, domin shaida ce ta yadda Amurkawan tsakiyar ƙarni na 20 suka hango Fasifik. Amma idan sabon wuri za ki zana, ki fara neman ra'ayin masu sassaƙa daga tsibiran kansu kafin ki sa siffar da ba ki san me take nufi a wurinsu ba.