Fili a bakin Kogin Binuwai don kiwo da hutu: me ake tararwa bayan an biya kuɗi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. An yi wa wani ɗan'uwa tayin fili hekta 100 a bakin Binuwai, tsakanin Yola da Numan. Yana so ya zuba shanu kamar 50, ya kuma gina ɗan gidan hutu don iyali. A watan Fabrairu aka kai shi ya gani, ciyawa kore shar, ruwa a kwance. Masu riƙe da irin wannan fili, don Allah a faɗa mana abin da ake tararwa.

Ɗan Numan: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ya biya ko sisi sai ya ga filin a watan Satumba. A Fabrairu kowace fadama kyakkyawa ce. Binuwai yana cika ne daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba, kuma ba ruwan samanmu kaɗai ke cika shi ba. Madatsar Lagdo da ke Kamaru, wadda aka kammala a 1982, idan ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan ta Adamawa yake fara shigowa. Ga Kogin Gongola kuma da ke haɗuwa da shi a Numan, shi ma da madatsun Dadin Kowa da Kiri a kansa. Idan su biyun suka taso lokaci ɗaya, ruwan da ke sama da mahaɗar ba ya samun wucewa da sauri, sai ya bazu cikin gonaki.

In ba zai iya jira ba, filin da kansa zai ba shi labari. Ya ɗaga kai ya duba rassan itatuwa: busasshiyar ciyawa da leda da suka maƙale a sama, nan ruwa ya kai. Inda giyayya ta yi yawa, ruwa na kwana a wurin duk shekara. Ƙasar da ta tsage rami-rami da rani laka ce, da damina mota ba ta shiga, saniya ma nutsewa take har gwiwa. Sannan ya nemi dattawan ƙauyen, ba dillali ba, su nuna masa inda ruwan 2012 da na 2022 suka tsaya, ya kafa turke a wurin. Gida, garke, rumbun ciyawa da rijiya duk su kasance sama da wannan turken.

Abin da za a auna ke nan: hekta nawa ne tudu? Idan cikin ɗarin nan tudun bai kai talatin ba, wata biyu zuwa uku na kowace shekara shanunsa ba su da wurin tsayawa.

Malam Safiyo: Ƙari a kan maganar Ɗan Numan. Kada a yarda a rubuta “kogi” a matsayin iyaka. Kogi tafiya yake. A wajen lanƙwasa yana cin gaɓa, a cikin lanƙwasa yana zuba yashi. Filin da ke wajen lanƙwasa raguwa yake yi kowace damina, kuma babu wanda zai biya ka. A kafa duwatsun safiyo na siminti nesa da gaɓa, a ɗauki lambobinsu da GPS.

Ta fuskar takarda, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin karkara har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Abin da ya haura sai da amincewar gwamna. Hekta 100 na cikin ikonta, amma banki takardar shaidar mallakar fili ta jiha, wato C of O, yake nema. A sani kuma Binuwai hanyar ruwa ce ta tarayya, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida na da hakki a gefen gaɓa, don haka a tambaye su kafin a yi gini ko mashigar jirgi a baki. Matsalar da ta fi yawa dai ita ce gado: fili mai faɗi haka da wuya ya zama na mutum ɗaya. Kowane magaji ya sa hannu a gaban dagaci da hakimi.

Likitan Shanu: Yallaɓai, ciyawar da ta burge shi a Fabrairu, ita ce ke ɗauke da tsutsar ciwon hanta. Tsutsar tana girma cikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu, ta fito ta manne a ciyawar bakin ruwa, saniya ta ci. Za a ga tana ci amma tana ramewa, cikin fatar ido ya yi fari, ƙasan muƙamuƙi ya kumbura kamar an zuba ruwa. Kuskuren da ake yi shi ne a ba da albendazole a ɗauka an gama, alhali manyan tsutsotsi kaɗai yake kashewa. Triclabendazole ne ke kama har ƙananan. A ba da sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar ruwa da kuma ƙarshen rani, gwargwadon nauyin dabba, ba da ƙiyasin ido ba. Kada a ba saniya mai sabon ciki albendazole, kuma a kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin a sha nono ko a yanka.

Na biyu sammore, wanda tsando ke kawowa daga duhuwar bakin kogi. Shanun Bunaji da Gudali ba sa jure shi. Ana warkarwa da diminazene, ana karewa da isometamidium, amma yawan yi da rabin awo shi ya sa maganin ya daina ci a wurare da dama. Rigakafin ciwon huhu da harbin daji kowace shekara, akwai na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom. Duk dabbar da aka sayo a kasuwa ta yi mako uku a keɓe.

Maganin da ya fi duka sauƙi: shanu su daina shan ruwa a kogi. Saniya na shan lita 30 zuwa 50 a zafin Maris da Afrilu, wato shanu 50 na bukatar kusan lita 2,000 a rana. Rijiyar burtsatse da sola, tankin lita 5,000, da kwamin siminti a kan tudu.

Mai Garke: Likita ya faɗi gaskiya, sai dai hana su sauka fadama gaba ɗaya ba zai yiwu ba, ai don ita aka sayi filin. A sake su bayan ƙasa ta bushe, a killace kududdufan da ruwa ya bari.

Lissafin da masu sabon shiga ke mantawa shi ne na damina. Kowa rani yake tsoro, amma a bakin kogi yunwa da ambaliya take zuwa. Saniya mai kilo 250 na cin busasshen abinci kilo 6 zuwa 7 a rana. Shanu 50 na kwana 90, kusan tan 30 ke nan. A shuka gamba da lablab (wani irin wake na abincin dabbobi) a tudu, a yanke kafin su tsufa, a tara harawa da ƙaiƙayin shinkafa, a ajiye a kan dandamali ƙarƙashin rufi.

Shinge kuma: hekta 100 in murabba'i ne, kewayensa kilomita huɗu. Turke kowace mita uku, sama da 1,300 ke nan. Waya layi huɗu, kilomita 16. Turken ice gara ke cinyewa, a yi na siminti. Amma kada a ja waya a inda ruwa ke bi. Tana tare ciyawa da itace, ruwa ya tura, ya kwantar da layin gaba ɗaya. Ɓangaren fadama a sa wadda ake naɗewa a watan Yuli. A share hanyar wuta mita biyar a kewaye kafin Disamba.

Ɗan Numan: Kafin a kafa turke ko ɗaya, a zauna da mutanen wurin. Bakin kogi ba ya zama babu masu shi: akwai mashaya, akwai burtali, akwai masunta da inda suke ɗaure kwale-kwale, akwai masu noman rani da suka gaji wurin. Takarda ba ta share wannan. Wanda ya toshe mashaya zai wayi gari an yanke waya, kuma yankin nan ya riga ya ga rikicin manoma da makiyaya, ba ma son a ƙara. A kira dagaci, Arɗo da sarkin ruwa, a bar hanya mai faɗi zuwa ruwa a wajen shinge, a rubuta. Masu gadi da makiyaya a ɗauka daga ƙauyen.

Hajiyar Yola: Ni maganar yara ce ta dame ni, tunda an ce wurin hutu. Ruwan gefe mai ɗumi da ciyayi, wanda yara suka fi so, nan ake ɗaukar tsargiya. Ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga fitsarin jini. Ana maganinta da praziquantel, amma gara a gina musu ɗan wurin wanka da ruwan rijiya. In dole a yi amfani da na kogi, ya kwana biyu a tanki tukuna. Yashin da ke bakin ruwa yana zurmawa farat ɗaya, don haka duk mai hawa kwale-kwale ya sa rigar ruwa, babba da yaro. A tambayi masunta ko dorina na fitowa a wurin, musamman ta ɓangaren Gongola. Gidan a ɗaga dandamalinsa, a sa raga a tagogi, a share ciyawa a kewaye saboda kububuwa, da dare ba a fita sai da takalmi da tocila. Direba ya san hanyar asibiti mafi kusa mai maganin sarar maciji tun kafin a bukata. Na Kaltungo sananne ne, amma da nisa.

Malam Safiyo: Na manta gaɓa. Kada a sare itatuwan baki don a buɗe wa gida kallon ruwa, saiwarsu ce ke riƙe ƙasar. A dasa ciyawar jema layi-layi a kwance da gaɓa, tazarar taƙi ɗaya tsakanin tushe da tushe, da farkon damina don ta kama kafin ruwa ya taso. Shanu kada su taka wurin har shekara guda.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri. Na tura masa duka. Ya ce dillalin na matsa masa ya biya kafin Sallah. Malam Safiyo, in aka auna aka ga tudun hekta 20 ne kawai, shanu nawa za ka ce ya fara da su?