Zobban Zuhal da "watanninta": a taimaka min da kalma kafin gobe

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe goma na safe zan shiga shirin yara a rediyo, kan manyan duniyoyi huɗu na can nesa da rana: Mushtari (Jupiter), Zuhal (Saturn), Yuranus da Neftun. Kalma biyu sun tsaya min a wuya. Ta farko, abin nan da ya kewaye Zuhal, wanda Turawa ke ce wa "rings". Ta biyu ta fi damuna. Na rubuta "Zuhal tana da watanni sama da 270", ina nufin irin watan sama da ke zagaye ta, da na karanta wa ƙanwata sai ta ce ashe ta haura shekara 22. Idan babba ya ji haka, ina ga ɗan aji huɗu?

Tsohon Mai Fassara: Wa alaikumus salam, Malama. Zobe, jam'i zobba. Kowane yaro ya san shi, kuma duka huɗun suna da su. An gano na Yuranus a 1977, na Mushtari a 1979, kumbon Voyager 2 ya tabbatar da na Neftun a 1989. Na Zuhal ne dai suka fi haske.

Ɗan Damagaram: Zobe kama yatsa yake yi, kuma yana da kauri. Wannan abu ko taɓa jikin Zuhal bai yi ba. Daga gefe zuwa gefe ya kai wajen kilomita 280,000, amma kaurinsa a wurare da yawa kamar mita 10 ne. Faifai ne da aka huda tsakiyarsa. Ni faifai zan ce.

Ɗalibar Fizis: Yaya, faifai abu guda ne saƙaƙƙe, yaro zai ɗauka ana iya tafiya a kansa. Alhali gutsattsarin ƙanƙara ne bila adadin, daga mai girman ƙwayar yashi har mai girman ɗaki, kowane na zagayensa shi kaɗai. Tun 1859 James Clerk Maxwell ya nuna da lissafi cewa da dunƙulalle ne da ya tarwatse.

Baba Mai Nahawu: Ku bar maganar zobe, ta biyun ce mai nauyi, kuma na daɗe da warware ta. A ce zagi, jam'i zagage. Wanda ya taɓa ganin hawan salla ya san zagi ba ya rabuwa da dokin sarki. Duniya ita ce sarki, waɗannan su ne zagagenta. Akwai ma wani ƙarami mai suna Pan da ke tafiya a cikin zobban Zuhal, yana share hanya, har ya bar gurbi mai faɗin sama da kilomita 300. Wannan ba aikin zagi ba ne?

Tsohon Mai Fassara: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ga Pan kam ta zauna daram. Amma Ganimid na Mushtari ya fi duniyar Uɗarid, wadda ta fi kusa da rana, girma. Taitan na Zuhal yana da iska mai kauri da tafkunan iskar gas ta methane da ta zama ruwa, har na'urar Huygens ta sauka a kansa a 2005. Waɗannan sun wuce a kira su zagage. Sannan zagi gaban doki yake tafiya, ba kewaya shi yake yi ba.

Ɗalibar Fizis: Kuma Baba, a rubuce "zagin Zuhal" zai fito kamar an yi mata ashar.

Baba Mai Nahawu: 'Yata, a rediyo za a faɗa, kunne na bambanta gajeren wasali da dogo. Laifin rubutun boko ne, ba na kalmata ba. Shekara nawa ina kawo ta, kullum a ce ba a saba ji ba. Da aka fara cewa "tauraron ɗan Adam" wa ya saba ji?

Mai Kishin Harshe: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Ana ta rigima kan zobe, an bar Zuhal da Mushtari, alhali Larabci ne tsantsa. Kakanninmu da suka raɗa Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta ba su ari bakin kowa ba.

Tsohon Mai Fassara: Malam, Zara ma daga Larabci ta zo, ka taɓa jin wanda ya ce "Zara matar wata" ba Hausa ba ce? Malaman hisabi sun daɗe suna kiran Zuhal da Mushtari a ƙasar nan. Yuranus da Neftun ne ba su da tsohon suna, don sai da madubin hangen nesa aka gano su, a 1781 da 1846.

Ɗan Damagaram: Ga shi nan kuma. Na kawo faifai an wuce shi da layi biyu, da daga Kano ya fito da tuni an ce daidaitacciyar Hausa ce. Yaranmu a nan da Faransanci suke koyon wannan darasi, mu ma muna buƙatar kalmar, ba ku kaɗai ba.

Mai Kishin Harshe: Babu wanda ya kawo maganar Kano sai kai.

Malamar Kimiyya: Don Allah a yi haƙuri, dare ya yi, ban ƙarasa rubutun ba. Ga yadda zan yi. Zan ce zobba, sai in bayyana cewa a shimfiɗe suke kamar faifai, na gutsattsarin ƙanƙara. Ɗaya kuma zan fara da namu: kamar yadda wata ke zagaye duniyarmu, Galileo ya hango irinsa guda huɗu suna zagaye Mushtari a 1610. Daga nan zan riƙa cewa "watanni masu zagaye ta", ba "watanni" zalla ba. Baba, zan kira Pan zagin zobba, in faɗa wa yara dalili.

Ɗan Damagaram: To, ba laifi, tunda faifan ya shiga ko ta bayan gida.

Baba Mai Nahawu: Kalma huɗu a wurin da ɗaya ta isa. Na ji, Malama, Allah ya ba da sa'a. Amma ki faɗi zagin da gajeren wasali, kuma idan yaran suka riƙe shi ki dawo ki gaya mana.