Miskilanci, kawaici ko zurfin ciki?

Mun daɗe muna muhawara kan kalmar da ta dace da mutumin da ba ya bayyana abin da ke ransa, kuma ba ya son jingina da kowa. Yawancinmu mun fara da "miskili", amma shawarar da ta rinjaya ita ce a yi hattara da ita. Miskili shi ne wanda za ka gaishe shi ya ɗaga kai kawai, ka tambayi damuwarsa ya ce babu komai, alhali idonsa ya kaɗa ya yi ja. Kalmar tana ɗauke da zargi, shi ya sa ake cewa miskili ka fi mahaukaci ban haushi. Kada ka jefi na gaba da kai da ita.

Idan yabo kake nufi, kawaici ya fi. Mai kawaici ya ji baƙar maganar da ɗan'uwansa ya yaɓa masa a cikin mutane, ta yi masa ciwo, amma ya haɗiye ya kau da kai saboda zumunci. Ni nan ne ya fi taɓa ni, domin sau da yawa ana ɗaukar wannan shirun a matsayin rashin damuwa, kuma ba a yi wa mai shi adalci ba.

Zurfin ciki kuwa ɓoye damuwa ne har ta ci mutum. Game da rashin jingina da kowa, an ce a ƙara "mai dogaro da kai" ko "mai wadatar zuci".